Daga Zauren Babban Alƙali Zuwa Ofishin Babban Joji

Mahaifin Muhammad Lawal Uwais ya yi Babban Alƙalin Zazzau, daga baya ya zama Waziri. Ɗan nasa, wanda aka haifa a Zariya a 1936, shi ya riƙe kujerar Babban Jojin Najeriya daga 1995 zuwa 2006. Da uba da ɗa kowa ya shugabanci alƙalai a zamaninsa, amma aikin nasu ya sha bamban nesa ba kusa ba. Uban, Sarki ne ya naɗa shi, Razdan ya amince, kuma da fada za ta juya masa baya, babu wata hukuma da zai kai wa kuka. Ɗan kuwa, a shekaru 7 na ƙarshen aikinsa, babu gwamnan da ya isa ya naɗa jojin babbar kotu a duk faɗin ƙasar nan sai majalisar da yake shugabanta ta miƙa masa suna. Tsara ɗaya ce tak tsakaninsu. Abin da ya faru a cikinta shi ne an yi ta faɗi-tashin raba shugaban alƙalai da masu mulki, ikon da aka ƙwato daga hannunsu kuma aka rasa inda za a ajiye shi, sai aka jibge masa a kan tebur.

A fiƙihun Malikiyya, wanda ƙasar Hausa ta tashi a kansa, hukunci tsakanin mutane nauyi ne da ke wuyan shugaba. Alƙali wakilinsa ne, an ɗora masa ne don shugaba ba zai iya sauraron kowa da kansa ba. A kan wannan fahimta Shehu Magili ya yi wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha a rubuce a ƙarshen ƙarni na 15, a kanta kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya gina Diya'ul Hukkam, littafin da ya rubuta a Kano lokacin da ya yada zango a can da niyyar wucewa gabas. Sharuɗɗan da malaman nan suka fi damuwa da su na mutumin ne shi kansa: ya zama masani, adali, wanda ba ya karɓar toshiyar baki, ba ya shakkar mai ƙarfi. Ba a tanadi wata majalisa da za ta shiga tsakanin alƙali da sarki ba. Abin da ke kare shi iliminsa ne, da kwarjininsa a idon jama'a, da gudun da sarki ke yi kada malaman gari su ce ya tuɓe mai gaskiya.

Dattawan da suka riski zauren babban alƙali sun san yadda shugabancin yake gudana. Malam na zaune a kan shimfiɗa, muhutai a gefensa, littattafai a gabansu: Risala, da Muhtasar na Halilu, da Tuhfa ta Ibnu Asim, wadda ba ta barin hannun mai hukunci. Mutum ya taho daga ƙauye, alƙalin gundumarsu ya raba musu gadon gona bai gamsu ba. Ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, an danne ni." Ba a tambayarsa ina lauyansa, don lauya ba ya shiga wannan zaure. Malam ya saurare shi har ya ƙare, ya sa muhuti ya buɗo babin, a karanto nassin a fili. In alƙalin ƙauye ya kuskure, a warware hukuncin, a aika masa da takarda. Takardar nan ita ce horo, ita ce kuma darasi, domin yawancin ƙananan alƙalan ko almajiransa ne, ko almajiran abokan karatunsa, ko ma 'yan gida ɗaya ne, kamar Gyanawa a Kano, zuriyar da Malam Aminu Kano ya fito daga cikinta. Babban alƙali ba ya riƙe da asusu. Naɗi da tuɓewa ba a hannunsa suke ba, sai dai a nemi shawararsa. Ana bin sa ne don ya fi sani, ko aƙalla don an yarda ya fi sani. Ba cewa nake yi zamanin ba shi da aibu ba. Gado ya sha ɗora wanda karatunsa bai kai ba, kuma talakan da ya ce shari'a saɓanin hankali ya san abin da ya gani.

Da Turawa suka ci ƙasar, Lugga bai rushe wannan tsari ba. Dokokin kotunan gargajiya na 1900 da 1906 sun bar alƙalai a kujerunsu. Aka hana yanke hannu da makamantansa, aka yanka musu albashi daga baitulmalin En'e, aka kuma kasa kotunan daraja-daraja, daga A zuwa D. Manyan laifuka irin kisan kai sun fi zuwa majalisar Sarki, hukuncin kisa kuwa ba a zartar da shi sai Gwamna ya tabbatar. Razdan da Di'o suna da ikon duba littafin shari'a, su rage hukunci ko su mai da ƙara wata kotun. Babban alƙali ya wayi gari da iyayen gida biyu. A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano da malamai daga Sudan, wadda a 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci. Nan aka fara samun alƙali mai takardar shaida, wanda ba lalle a gidansu ya tarar da kujera ba.

A 1947 ɗin ne kuma aka yi shari'ar da ta tona asirin wannan zama na iyayen gida biyu. Wani mutum, Tsofo Gubba, ya kashe kwarton matarsa. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa kisa, domin a Malikiyya wannan ganganci ne, fushi ba ya sauke ƙisasi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin, ta ce a dokar laifuka ta Turawa wanda aka tunzura bai kai ga kisa ba. Sarakuna da alƙalansu suka ga an ɗora musu a ka mutanen da ba su taɓa buɗe Muhtasar ba. Aka shafe kusan shekara 10 ana yi wa dokar faci. Ta ɗaya gefen kuma ƙorafi na tasowa daga ƙasa. 'Yan NEPU sun sha bulala da ɗauri a kotunan alƙalai a kan laifin zagin sarki ko yin taro ba izini, kuma ba su ga bambanci tsakanin alƙali da dogari ba, tunda duk En'e ke biyansu. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Waɗanda ba Musulmi ba su ma suka kai nasu kukan gaban kwamitin Willink mai sauraron ƙananan ƙabilu a 1957 zuwa 1958.

Gwamnatin Sardauna ta gane ba za a shiga mulkin kai da wannan rigima ba. A 1958 ta kira ayarin masana shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat, tare da Joji Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa Anderson daga Landan, da Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Babban Alƙalin Bida Malam Musa. Daga shawararsu aka samu Final Kod, dokar laifuka ɗaya ga kowa a Arewa, wadda ta fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, jajibirin samun 'yanci. Aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kaduna, mai sauraron aure da gado da wasiyya da wakafi, da Giran Kadi a kanta. Na farko basudane ne, Shehu Awad. A 1962 mataimakinsa Malam Abubakar Gumi ya gaje shi.

Kujerar Giran Kadi sabon abu ce a tarihin nan. Ga shugaban alƙalan Musulunci wanda ba sarki ya naɗa shi ba, wanda ke iya warware hukuncin da ya fito daga fadar sarki mai daraja ta ɗaya. An yanke masa abin da zai yi hukunci a kai, tunda laifuka sun koma Final Kod, amma an ɗaga shi sama da kowace masarauta. Sai dai nisan da ya yi da fada kusanci ne da gidan Firimiya. Gumi mashawarcin Sardauna ne a kan addini, abokin tafiyarsa ne zuwa aikin hajji, da shi kuma aka kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962. Ƙarasa raba gari da sarakuna soja ne suka yi. Dokar kotunan yanki ta 1967, wadda ta fara aiki a 1968, ta rufe kotunan sarakuna, ta cire alƙalai daga En'e, ta sa su ƙarƙashin babban jojin jiha. Daga ranar, canjin wurin aiki da ƙarin girma da takardar tuhuma ta alƙalin Eriya Kot suka koma fitowa daga ofis. Abin da a da yake hannun sarki da Razdan ya dawo hannun wani alƙali ɗan'uwansa.

A Legas labarin ya bi wata hanya, amma ya ɓulle wuri ɗaya. Sir Adetokunbo Ademola, ɗan ƙasa na farko da ya zama Babban Joji, ya yi shekara 14 a kujerar, daga 1958 zuwa 1972. A idonsa 'yan siyasa suka nuna wa kotu iyakarta. Bayan kotun ƙarshe ta Landan ta ba Akintola rashin gaskiya a rikicin firimiyan Jihar Yamma, tsarin mulkin 1963 ya toshe hanyar ɗaukaka ƙara zuwa Ingila, ya kuma rushe hukumar da ke zaɓen alƙalai, naɗi ya koma bisa shawarar Firayim Minista. A 1970, a shari'ar Lakanmi, Kotun Ƙoli ta ce gwamnatin soja ba ta da hurumin ƙwace dukiyar mutum ba tare da shari'a ba. Ba a yi wata guda ba Gowon ya fitar da doka mai lamba 28 wadda ta shafe hukuncin. Magajin Ademola, Taslim Elias, daga kujerar Antoni Janar aka ɗauko shi aka ɗora a kan alƙalan da ya tarar, Murtala kuma ya sauke shi a 1975 ba tare da wata doguwar magana ba. Mutumin da ƙasarsa ta sallama haka shi ya zama shugaban Kotun Duniya a Hague a 1982. Wanda ya gaje shi a kujerar Babban Joji, Darnley Alexander, shi ma ba daga Kotun Ƙoli aka ɗauko shi ba.

Wannan ɗauki-ɗora shi ya sa alƙalai suka rungumi al'adar bin layi. Daga 1979 zuwa yau kowane Babban Joji daga cikin Kotun Ƙoli ya fito, kuma abin da ya kafu shi ne wanda ya fi daɗewa a kotun shi ke hawa. Dalilin mai ƙarfi ne: in kowa ya san wa ke biye da wa, shugaban ƙasa ba shi da alawar da zai yi wa alƙali kwaɗayi da ita. Layin nan ne ya kawo Muhammad Bello na Katsina a 1987, ɗan Arewa na farko, sannan Uwais. Su biyun suna cikin alƙalai 7 da suka zauna a shari'ar Awolowo da Shagari a 1979, wadda ta rataya a kan ƙuri'un Jihar Kano da lissafin kashi biyu bisa uku na jihohi 19. Tun daga ranar ya bayyana cewa a mulkin farar hula kotu ce za ta riƙa rufe zaɓe, wanda ke zaɓen alƙalan da za su zauna kuma ba ƙaramin mutum ba ne.

Tsarin mulkin 1999 ne ya kammala ginin. Masu rubuta shi sun ga abin da gwamnoni da sojoji suka yi wa kotu, sai suka kafa Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wato NJC. Ita ke ba da sunan wanda za a naɗa jojin manyan kotuna, na tarayya da na jiha, ita ke ladabtar da shi, ita ke karɓar kuɗin ɓangaren shari'a ta raba. Babban Joji ne shugabanta. Yau mutum 24 ke cikinta, 19 daga ciki shi ke naɗa su: tsofaffin joji 5, manyan jojin jihohi 5, Giran Kadi ɗaya, shugaban kotun ɗaukaka ƙara ta gargajiya ɗaya, lauyoyi 5 da ƙungiyarsu ke gabatarwa, da mutum 2 waɗanda ba lauyoyi ba. Shi ne kuma shugaban hukumar da ke tace sunayen jojin tarayya kafin su iso NJC, wato shi ke aika takarda, shi ke karɓa. Shi ke shugabantar cibiyar horar da alƙalai, da kwamitin da ke ba manyan lauyoyi lambar SAN. Bayan duk wannan, yana da kotun da zai zauna ya yi shari'a.

A zamanin Uwais nauyin bai fito fili sosai ba, don mutumin ya daɗe a kujerar kuma kotunsa ta yi hukunce-hukuncen da har yau ake kafa hujja da su. A 2002 ta yanke rikicin arzikin man da ke cikin teku tsakanin tarayya da jihohi, ta kuma soke sharuɗɗan da INEC ta gindaya wa sabbin jam'iyyu a ƙarar su Balarabe Musa. A 2004 ta ce Obasanjo ba shi da ikon riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas. Amanar da aka ba majalisar ta kai har kwamitin gyaran zaɓe da Uwais ya shugabanta bayan ritaya ya ba da shawara a 2008 cewa NJC ce ya kamata ta tace wanda zai shugabanci INEC. Gwamnatin 'Yar'aduwa ta ƙi.

Bayan Uwais aibin layi ya bayyana. Tunda ritaya a shekara 70 take, mutum kan iso kujerar ne da guntun lokaci. Daga Yunin 2006 zuwa Nuwamban 2016 an yi Babban Joji 6. Belgore wata 7 ya yi, Dahiru Musdapher bai cika shekara ba. Aloma Mukhtar, mace ta farko, ta shigo a 2012 da zafin share gida, ta sa an sallami wasu joji, amma shekara 2 da 'yan watanni suka ƙare. Wanda ke da wa'adi irin wannan ba zai iya gyara cunkoson ƙararraki ba. Abin da zai iya kammalawa kafin ya tafi shi ne naɗe-naɗe, su kuwa naɗe-naɗen su ne ke jawo maganar ɗan wane da surukin wane. An ma taɓa kai wa inda Babban Joji ya rantsar da magajinsa da kansa: ranar 30 ga Disamba 2009 Kutigi ya rantsar da Katsina-Alu, saboda 'Yar'aduwa na kwance a asibiti a Saudiyya kuma bai miƙa mulki ba.

Rigingimun da suka biyo baya kusan duk na ofis ne, ba na nassi ba. A 2011 shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara, Ayo Salami, ya zargi Katsina-Alu da neman ya sa baki a shari'ar zaɓen gwamnan Sakkwato. Katsina-Alu ya musanta. Majalisar da wanda ake zargi ke shugabanta ita ta binciki maganar, Salami ne kuma aka dakatar. A Janairun 2019, saura makonni a yi zaɓe, Buhari ya dakatar da Walter Onnoghen bisa odar kotun ɗa'ar ma'aikata a kan bayyana kadara, ba tare da an bi ta Majalisar Dattawa ba. Sai a 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke shi. A Yunin 2022 kuma alƙalan Kotun Ƙoli 14 suka rubuta wa Ibrahim Tanko Muhammad takardar koke. Babu maganar fassarar doka a cikinta. Gidaje ne, da motoci, da man janareta, da kwas, da mataimakan bincike. Kwanaki kaɗan bayan takardar ta fita ya ajiye aiki, aka ce rashin lafiya. Babban alƙalin zaure da za a gaya masa wata rana za a tuhumi magajinsa a kan dizal, da bai gane zancen ba.

A jihohi abin ya fi tsanani, don can gwamna na kusa. Kotun Ƙoli ta yanke a 2012, a shari'ar Babbar Jojin Kwara, cewa gwamna da majalisar jiha ba su isa su tsige babban joji ba sai an bi ta NJC. Kujera ta tsira, amma aljihu bai tsira ba. Babban jojin jiha da yawa har yanzu sai ya nemi ganin gwamna kafin a gyara rufin kotu ko a saya wa majistare mota, abin da ya sa ma'aikatan shari'a suka garƙame kotunan ƙasar nan fiye da wata 2 a 2021. Giran Kadi kuwa ya samu sabon aiki bayan Zamfara ta buɗe ƙofa a 1999 jihohi 12 suka faɗaɗa shari'a. A jihohi da dama kula da ƙananan kotunan shari'a ya dawo hannunsa, kuma kotunan ɗaukaka ƙara na Sakkwato a 2002 da Katsina a 2003 su suka soke hukuncin jifa guda biyu da duniya ta sa wa ido, da hujjar fiƙihun Malikiyya. A nan an ga ragowar tsohon shugabancin, inda babba ke buɗe littafi ya nuna wa ƙarami inda ya kuskure. A Mayun 2024 kuma, da odar kotun tarayya da ta kotun jiha suka yi karo a rikicin masarautar Kano, Babban Joji Ariwoola sammaci ya aika wa shugabannin kotunan biyu su zo Abuja su yi bayani.

Wanda ya fi fitowa fili ya faɗi ciwon daga cikin gida ya fito. Ranar 27 ga Oktoba 2023, a zaman ban-kwana da shi, Mai shari'a Musa Dattijo Muhammad, wanda shi ne na biyu a Kotun Ƙoli kuma mataimakin shugaban NJC, ya lissafa kujerun da Babban Joji ke zaune a kai, ya ce iko ya taru a hannun mutum ɗaya, kuma shi kansa mataimakin ba a shawartarsa. A ganina ya faɗi gaskiya. Mutanen 1999 ba su yi kuskure da suka ji tsoron gwamnoni ba, kuskurensu shi ne da suka ɗauka alƙali ba ya bukatar mai duba shi in dai alƙali ne. Raba kujerun abu ne mai sauƙin faɗa: a bar Babban Joji da kotunsa, a samo wa NJC wani shugaba, alƙalai su zaɓi wakilansu da kansu. Wuyar tana ga wanda zai yi rabon. Duk wannan a cikin tsarin mulki yake, gyara shi kuma sai da kashi biyu bisa uku na Majalisar Dattawa da ta Wakilai, da amincewar majalisun jihohi 24. Majalisun jihohin nan kuwa kusan duk a tafin hannun gwamnoni suke, mutanen da aka kafa NJC tun farko don a raba su da naɗin alƙalai.